Injin Mujtaba Ya Je Gaida Suruka

Duk unguwar Badariya ta Birnin Kebbi babu wanda bai san Mujtaba Kwangila ba. Ba don ya taɓa samun kwangila aka laƙaba masa sunan ba, sai don bakinsa ba ya rabo da zancenta. In ya zauna a teburin Hodi mai shayi, sai ya gina maka gada, ya shimfiɗa titi har Argungu, ya sallami ma'aikata, shayinsa bai ko huce ba. Abin da ya mallaka a duniya kuwa guda ɗaya ne tak: injin casar shinkafa da ya gada wurin mahaifinsa, yana cikin wata rumfar kwano a bayan gidansa. Da shi ake ci, da shi ake sha, da shi ake ɗinka manyan rigunan da yake zuwa neman kwangila da su.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani kamfani mai aikin hanya zai riƙa sayen shinkafar da ake dafa wa ma'aikatansa daga hannun ƙananan 'yan kasuwa. Amma da sharaɗi. An ware kaso na musamman ga sana'o'in da mata suka mallaka, da na masu lalurar nakasa, kuma sai wata ƙungiya ta bincika ta ba mutum takardar shaida kafin a saurare shi.

Mujtaba ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. "Wagga tawa ta! Ku rubuta ku aje."

Hodi ya ce, "To kai mace ta ko gurgu?"

"Hodi, abin da yas sa kat tsuhwa kan shayi ke nan. Ba ka da hange."

Ta gurguntaka ya fara gwadawa. Ya ari sanda, ya tafi ofishin ƙungiyar yana ɗingisa ƙafar hagu. Ya tarar da layi, ya gaji da jira, ya fita ya yi sallar azahar, ya dawo yana ɗingisa ta dama. Mai gadin ƙofa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, ciwon naka yawo shika yi?" Mujtaba ya jingine sandar a bango, ya fice da ƙafafunsa biyu lafiya lau, har da ɗan sauri.

Saura ta mata. Ya sami matarsa Laure tana tsintar shinkafa, ya zauna ya zayyana mata yadda za a sa sunanta a matsayin mai kamfani, shi kuma ya riƙa juya komai ta bayan fage.

Laure ba ta ko ɗago ba. "In sunka ce in rantse injin nawa na hwa?"

"Sai ki rantse. Abin miji ai na mata na."

"Ran da nic ce ka ba ni dussa in ba akuyata, ba hakanga kac ce ba. Ni ba ni rantsuwa kan ƙarya."

Wani da ya ji haka sai ya haƙura. Mujtaba kuwa washegari ya iso teburin shayi yana murmushi, hula a karkace.

"Na samo mai kamhwani. Inna."

Hodi ya ajiye buta. "Wace Inna?"

"Ta Argungu. Uwar Laure."

"Surukarka?"

"Ita hwa. Ka diba hikima. Laure za ta ce a raba riba. Ƙanwata za ta kai ni ƙara wurin dangi. Amma suruka? Tunda nike da ita ba ta taɓa kallon idona ba. Ko sunana ba ta hwaɗi. Wa za ta tambaya ina riba? Kunya ta rihe mata baki har abada."

Hodi ya ce, "Kai kuma kunyar ta bar maka naka buɗe?"

Mujtaba bai tsaya jin wannan ba, yana can yana lissafin motar da zai saya.

Tun daga wurin mai rubuta allon kamfani aka fara ganin alama. Mai fenti ya ɗauko buroshi ya ce a faɗi sunan. Mujtaba ya buɗe baki, ya rufe. Sunan surukarsa Ma'u, kowa ya sani, amma tunda aka ɗaura aurensa harshensa bai taɓa ɗaukar wannan suna ba.

"Rubuta sunan... Inna."

"Wace Innar? Garin ga cike yake da Inna."

"Mai sunan nan. Wanda ka hwarawa da... kai, ka san shi!"

Mai fenti ya jero sunayen mata kusan na rabin unguwa, Mujtaba yana girgiza kai yana gumi. Ƙarshe sai da aka aika aka kira Hodi daga kan shayinsa, ya zo ya faɗi sunan da ƙarfi yadda har masu faci na tsallaken titi suka ji, sa'an nan ya nemi ladan kira.

A ofishin ƙungiyar aka gaya masa abu biyu. Dole kayan aiki su zama mallakar matar, kuma za a turo jami'a ta je ta gani da idonta a inda matar take. Mujtaba ya ce wannan ai wasan yara ne. Za a kai inji Argungu, ya kwana ɗaya, a ɗauki hoto, a dawo da shi. Sai dai akwai bayanin da ya kamata a yi wa Inna, shi kuma ba ya iya yi. Ya tura Laure.

"Ki ce mata aro na. Sunanta kawai muka so. Ta zauna ta yi shiru, ni zan yi magana."

Laure ta tafi. To, wace 'ya ce za ta durƙusa gaban uwarta ta ce mijina yana so ki yi masa ƙarya gaban baƙi? Abin da Laure ta iya faɗa shi ne, "Inna, ya ce za shi kawo miki inji." Ko kunya ce ta datse sauran maganar, ko kuwa tsohon haushin dussar akuya ne, ni dai ban shiga zuciyarta ba. Inna Ma'u ta rufe fuska da mayafi ta ce Allah ya yi masa albarka.

Ranar tafiya aka ɗauko a-kori-kura, majiya ƙarfi suka ɗora inji, aka ɗaure allon kamfani a sama. Mujtaba ya sha babbar riga, ya shige gaba. Hodi ya rufe teburinsa ya hau baya, ya ce ko kyauta aka ce ya bar wannan kallo ba zai bari ba.

Da suka isa ƙofar gidan Inna, sai ga matsala. Zauren gidan an yi shi ne don mutane da awaki, ba don inji ba. Aka juya shi ta tsaye, aka juya ta kwance, ya ƙi. Riskuwa, ƙanwar Laure, wadda ke sana'ar turara shinkafa tare da Inna, ta fito ta riƙe ƙugu. Ita kam ƙanwar mata ce, babu kunya tsakaninta da shi sai wasa.

"Mijinmu, ko dai a hwasa gidan a sake gina shi daidai da injinka?"

"Ke dai ba ki san aikin injiniya ba. A kawo diga!"

Aka fasa katangar gefe. Ƙarar diga ta tara unguwa, yara suka hau bishiya, mata suka leƙo ta kan katangu. Kafin inji ya gama shiga, zance ya kai bakin kasuwa cewa wani suruki daga Birnin Kebbi ya kawo wa surukarsa injin casa sukutum. Sai ga maroƙi ya faɗo kamar an jefo shi.

"Ina Mujtaba ɗan albarka! Wasu goro suka kaiwa gidan surukai, kai inji kak kawo! Surukan Argungu ku ji kunya!"

A nan ne ya kamata mai hankali ya ja maroƙin gefe ya ce masa ya sassauta. Amma kirari ga Mujtaba kamar gishiri ne ga akuya. Ya gyara riga, ya ɗaga hannu.

"Haba, ƙaramin abu na! Inna ta hi ƙarhin inji guda. Wanga somin taɓi na."

Hodi ya matso ya raɗa masa, "Kwangila, rage wuta."

"Bari mutane su san wa yaz zo garinsu."

Aka fito da tuwon shinkafa da miyar kifi, ƙamshi ya cika ƙofar gida. Suruki kuwa ba ya cin abinci gidan surukai, don haka Mujtaba ya haɗiye yawu ya ce ya ƙoshi, Hodi ya zauna ya cinye rabon mutum biyu. Daga nan Mujtaba ya wuce cikin gari neman abin da zai sa a cikinsa, ya kwana wurin wani abokinsa, ya bar inji a tsakar gida bisa katakai.

Da hantsi ya dawo, ya tsaya turus. Babu ɓaraka a katanga. An ɗinke ta tsaf da bulo, har an shafe. Ya leƙa ta zaure, ya hango injinsa zaune daram a kan dakalin siminti, an ɗaure ƙafafunsa da ƙusoshi, an kafa masa rumfa.

"Wa... wa yay yi wanga aiki?"

Mai unguwa, wani dattijo mai fara'a, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Mu munka yi, ɗana. Munka ce baƙo ya yi mai wuyar, ba mu bari shi yi mai sauƙin. Gayya munka yi tun jiya da la'asar. Ko sisinka ba mu so."

Mujtaba ya ce, "An gode," da irin muryar wanda aka taka wa ƙafa a sahun salla.

Bai gama farfaɗowa ba motar ƙungiya ta tsaya. Wadda ta fito ita ce Madam Caroline, haifaffiyar Birnin Kebbi, Hausa a bakinta kamar ta kakar kowa. Mujtaba ya tare ta tun daga bakin mota, baki ya dawo masa. Ya ce shi ne janar manaja. Ya yi mata bayanin tan-tan na shinkafa, da reshen da za su buɗe a Legas, da Turawan da ke roƙonsu haɗin gwiwa.

Caroline ta ce, "Madalla. Mu shiga wurin mai kamhwanin, ka maimaita gabanta."

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Mai unguwa da dattawa suka zauna, mata suka cika bakin ɗakuna, Laure tana cikinsu. Inna Ma'u ta fito, 'yar tsohuwa siririya, ta zauna ta ba ƙofa gefe, ta ja mayafi. Janar manaja kuwa tun daga zaure ya tuɓe takalmi. Yana hango gefen mayafin nan sai ya durƙusa can nesa kusa da turken awaki, ya kafa ido a ƙasa.

Caroline ta waiga. "Manaja, matso mana. Ga kujera."

"Nan ma ya yi," in ji shi, da wata 'yar murya da ba a taɓa ji a Badariya ba.

"To, ka hwaɗa muna sunan kamhwanin da na mai shi."

Mujtaba ya ƙara sunkuyar da kai. Wata akuya ta miƙo wuya ta fara taunar gefen babbar rigarsa, bai iya ko korarta ba.

Hodi ya ce daga baya, "A yi haƙuri, Madam. Reshen Legas na ya riƙe mai murya."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Caroline ta danne tata, ta juya wurin Inna.

"Inna, wanga inji na wa na?"

Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, Riskuwa ta ɗaga. "Ta ce nata na."

"Saye kinka yi?"

"Ta ce ba ta anka yi."

"Wa yab ba ki?"

Inna ta ƙara jan mayafi, ta nuna wajen turken awaki da haɓa. Riskuwa ta ce, "Ta ce yaron can. Ba akuyar ba, na kusa da ita."

Caroline ta tambayi wa zai riƙa kawo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, wa zai turara, wa zai auna. Inna ta amsa ta bakin Riskuwa cewa su da matan unguwa sun daɗe suna turarawa, wahalarsu dama kai wa injin wasu ce, yanzu kuwa Allah ya hutar da su. Babu ƙarya ko ɗaya a maganarta, abin da ya fi tayar wa Mujtaba da hankali ke nan. Yana so ya yi tari, ya yi ƙifce, ya yi wata alama, amma wa zai ƙifta wa ido? Suruka?

Sai Caroline ta rufe abin rubutunta, ta fuskance shi sosai.

"Malam Mujtaba, saura kai. Mun sha ganin maza na aro sunan mata su karɓe rabon da anka ware musu. Shi yas sa nika tambaya gaban shaidu. Wanga inji kyauta ta har abada, ko aro na? In aro na, ka hwaɗi yanzu. Sai in rubuta an yi muna ƙarya da sunan tsohuwa, magana ta wuce gaba."

Mujtaba ya saci kallon injin. Ya tuna ranar da mahaifinsa ya kama hannunsa ya koya masa ɗaura bel, ya tuna cewa in babu wannan ƙarfe, rumfar bayan gidansa inuwar kaji ce kawai. Gaskiya na ji tausayinsa a wannan lokaci, duk da shi ya haƙa ramin da hannunsa. Kalma ɗaya ce za ta dawo masa da abinsa. Amma kalmar nan za ta mai da Inna maƙaryaciya gaban mai unguwa, ta mai da gayyar mutane aikin banza, shi kuma ya zama surukin da ya fasa katangar suruka sau biyu. Ya ɗago kaɗan, ya ci karo da idon Laure. Ga maroƙi a bakin zaure ya riga ya cika ƙirji da iska, yana jira.

Mujtaba ya ce wani abu.

Caroline ta ce, "Ban jiya ba."

"Kyauta ta."

"Har abada?"

"Har... abada."

Guɗa ta tashi, maroƙi ya saki murya, mai unguwa ya jawo fatiha aka shafa. Caroline ta ce ta gamsu, takardar shaida za ta fito da sunan Inna, kuma ita da kanta za ta miƙa sunan ga kamfanin hanya.

Mujtaba ya ɗan sami numfashi. Inji ya tafi, amma ai kwangila ta zo, kuma shi ne manaja. Har ya fara gyara zama sai ya ji Caroline tana cewa, "Saura abu guda. Inna, mai kamhwani ita ka ba manaja umurni, ta aike shi, in ya yi ba daidai ba ta tsawata mai. Kin amince da wanga manajan?"

Inna ta zabura kamar an ɗora mata garwashi, ta yi magana mai tsawo a cikin mayafi. Riskuwa ta saurara, fuskarta ta cika da annuri.

"Ta ce subhanallahi. Ita ta aiki suruki? Ta tsawata mai? Ina ta ga idon yin haka! Ta ce mutumin da yay yi mata wagga kyauta ya hi ƙarhin ta sa shi ɗaukar buhu. Shi zauna gida shi huta, girmanai ya kai. Aikin wahala a bar ma marar kunya irina, ni Riskuwa."

Dattawa suka gyaɗa kai, suka ce Inna ta san darajar suruki. Mai unguwa ya ce rabon da ya ga an girmama mutum haka har ya manta. Aka sake guɗa. Haka aka sallami Mujtaba daga aiki, cikin girmamawar da bai taɓa samun irinta ba.

Da aka fito, direban a-kori-kura yana nan yana jira kamar yadda aka yi da shi. Ya ce da ƙarfi, "Alhaji, a hwasa katangar a ɗoro inji, ko sai an watse?"

Hodi ya yi wuf ya toshe masa baki. "Zahin rana na, jama'a, sambatu shika yi."

Riskuwa ta biyo su da tukuici daga Inna: zakara jajaye guda, an ɗaure masa ƙafa. Ta ce Laure za ta ɗan kwana biyu ta taya su saita aiki. Ta ƙara da cewa in yana da shinkafar casa ya riƙa aikowa, an yafe masa layi. Hodi ya riga ya shige gaba ya kame, don haka Mujtaba ya hau baya, ya zauna daidai inda injin ya zauna jiya, zakara a cinya. Motar ba ta kai ƙarshen layi ba suka ji an tayar da inji, bugu ɗaya ya kama, mata suna shewa. Mujtaba bai waiga ba.

A Ambursa direba ya tsaya shan ruwa. Wani manomi da ya saba kai wa Mujtaba casa ya hango shi, ya taho da murna.

"Kwangila! Dama kai nika nema. Gobe ina tahe da shanshera, a gyara min inji."

Mujtaba ya gyara hula. "Ka kai Argungu. Mun mai da hedikwata can."

"Ikon Allah! Ci gaba ya samu. To kai mi kaka yi yanzu?"

Hodi ya leƙo ta taga don kada amsar ta wuce shi. Mujtaba ya daɗe yana kallon abin da ke cinyarsa, idanunsa sun yi ja. Sa'an nan ya ɗaga zakaran sama yadda kowa zai gani.

"Harkar kaji nik koma," in ji shi. "Babba ta. Ka dai riƙe sirri."